Ruwan zafi, kumfa da buroshin aski a lokacin hunturu

Tambayar ta zo ne daga wani matashi ma'aikacin ɗamara da ke zaune a Tudun Wada, cikin garin Gombe. Aikinsa ya sa dole ya riƙa aske fuska kusan kullum kafin ya fita. Ya ce tun da hunturu ya shigo ya koma tsiyayar ruwan filas a kofi, ya tsoma buroshinsa ya bar shi ya jiƙa, sannan ya kaɗa kumfar sabulu da ruwan nan don ta yi ɗumi. Yanzu buroshin ya fara zubar da gashi, kumfar kuma kafin ya gama kunci ɗaya ta bushe ta zama ɓawo. Yana son sanin ko ruwan zafin ne ya jawo ko kayan ne ba su da kyau, da kuma yadda mutum zai samu kumfa mai ɗumi a wannan sanyin.

Ƙanena, ruwan ne. Kayanka ba su da laifi, ko da kuwa masu araha ne. Na tashi a gidan wanzamai, na ɗauki zabira ina bin mahaifina kasuwannin ƙauye tun ban isa riƙe aska ba, daga baya na buɗe shagon aski a cikin gari, kuma abin da ka faɗa ni ma ya taɓa samuna. Buroshi mai kyau na farko da na mallaka, wani da ya dawo daga karatu a waje ne ya kawo min tsaraba. Saboda son da nake masa, kullum da safe sai na tsoma shi a tafasasshen ruwa har wuya, a ganina tsafta nake masa. Bai yi wata uku ba, wata rana ina kaɗa kumfa dunƙulen gashin ya fice daga mariƙin gaba ɗaya ya faɗa cikin kwano. Na ji zafin asarar nan ƙwarai, kuma ita ta sa na zauna na koyi abin da zan faɗa maka.

Zafin da kake nema, gashin fuskarka ne yake bukatarsa. Buroshi da kumfa ɗumi kaɗan ya ishe su, kuma ɗumin nasu don jin daɗinka ne kawai, ba shi ke yin askin ba. Ka juya lamarin ne: ka ba buroshi zafin da ya fi ƙarfinsa, ita kuwa fuskar ina kyautata zaton watsa mata ruwa kawai kake yi ka ɗora kumfa.

Busasshen gashin gemu abu ne mai tauri sosai. Sinadarin da ya gina shi, wanda ake kira keratin, shi ne dai ya gina farce da ƙahon dabba. Amma gashi yana shan ruwa. Idan ya jiƙa sosai yakan sha ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, ya kumbura, ya yi laushi, sai reza ta ratsa shi ba tare da ta fizge shi ba. Ruwa ne ke wannan aikin. Abin da ɗumi ke ƙarawa biyu ne: yana narkar da maiƙon da ke lulluɓe da gashin, wanda ke hana ruwa shiga, kuma yana sa jiƙon ya yi sauri. Duk da haka sai an ba shi lokaci. Minti biyu zuwa uku gashi yake bukata yana cikin danshi kafin ya sake, kuma ƙara wa ruwa zafi ba zai mayar da minti uku ya zama daƙiƙa goma ba. Ka tuna yadda wanzami ke yi a gindin bishiya ranar kasuwa. Ba shi da filas, ba shi da buroshi. Ruwan buta yake zubawa a tafin hannu, ya yi ta murza kan mutum, ya ƙara ruwa, ya sake murzawa, suna hira, kuma ba zai ɗora aska ba sai ya ji gashin ya kwanta a ƙarƙashin yatsunsa. Da ruwan sanyi yake wannan, askin kuma ya fita sumul. Har karin maganar da ake yi cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ni a aikace na ga dalilinta: kafin a iso gaban goshi ruwan da aka shafa ya bushe, kaifin askar ma ya ragu. Wanzamin da ya san aikinsa yakan tsaya ya sake jiƙa wurin, ya wasa askar, sannan ya ƙarasa.

Saboda haka mafi sauƙi a gare ka shi ne ka yi aski bayan wanka, fuskar ba ta bushe ba. In ba wanka za ka yi ba, ka wanke fuska da sabulu da ruwan ɗumi, ka jiƙa ƙaramin tawul a ruwan, ka matse shi kaɗan, ka lulluɓe haɓa da kumatu da wuya. Idan ya huce ka sake jiƙa shi. Sau biyu ko uku ya isa. Za ka ji ana cewa ruwan zafi yana buɗe ƙofofin gashi, ruwan sanyi kuma yana rufe su. Ƙofofin nan ba su da tsokar da za ta buɗe su ko ta rufe su, gashin ne dai ke laushi.

Yanzu batun yawan zafin. Jikin mutum yana kan digiri 37 a ma'aunin salshiyas. Ruwan da ya dace da fuska da buroshi da kumfa duka shi ne wanda ke tsakanin digiri 40 da 45, wato ya ɗan ɗara jiki. Ruwan da ya tafasa a nan yankinmu yana dab da digiri 100, kuma filas mai kyau yana riƙe zafi mai yawa har wayewar gari. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba, sirkawa za ka koya. A safiyar hunturu, idan ruwan randa ko na bokiti ya kwana ya yi sanyi kamar digiri 20, kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da kofi biyu na ruwan sanyi za su ba ka wajen digiri 45. Idan ruwan da za ka sirka da shi ba mai sanyi sosai ba ne, ka sa kofi uku. Sannan ka gwada da cikin tsintsiyar hannunka, inda fata take da taushi, kamar yadda iyaye mata ke gwada ruwan wankan jariri. In za ka iya barin hannun a ciki ka ƙirga ashirin ba ka ji kana son cirewa ba, ya yi. Kada ka gwada da kan yatsa, musamman kai da hannunka ya saba da aikin ƙarfi, domin fatar wurin ta yi kanta, ba za ta faɗa maka gaskiya ba. Masu ciwon sukari da ya daɗe, waɗanda jin hannunsu ya ragu, su ne suka fi bukatar kula da wannan, gara wani ya taɓa musu ruwan.

In da hita kake dafa ruwan, irin wadda ake jefawa a bokiti, don Allah ka zare ta daga soket kafin ka sa hannu ka gwada.

Buroshi kuwa, ka ɗauke shi ka duba inda gashin ya shiga mariƙi. Dubban silin gashi ne aka ɗaure wuri ɗaya, aka zuba wa gindinsu gam, sannan aka manna dunƙulen a cikin ramin mariƙin. Zafi mai yawa yana sassauta wannan gam ɗin. Yau ya kumbura da zafi, anjima ya tsuke da sanyi, gobe haka, har ya fara tsagewa, gashi ya riƙa fita ɗaya-ɗaya, daga baya ya fita da yawa. In mariƙin na katako ne, ruwan yana shiga ya kumbura shi, iskar hunturu kuma ta busar da shi da sauri ya dare. Shi kansa gashin, in na dabba ne, tafasasshen ruwa yana wanke ɗan maiƙon da ke riƙe da taushinsa, bakinsa ya murɗe, ya riƙa karyewa. Sabon buroshi yakan zubar da 'yan sili a makon farko, wannan ba komai. Amma wanda ya daɗe yana aiki lafiya sannan ya fara zubar da gashi a kowane aski, gindinsa ne ya taɓu. Naka in bai yi nisa ba zai iya tsayawa idan ka daina dafa shi. In kuwa ka ja gashin a hankali ka ji dunƙulen yana motsi, ka fitar da shi gaba ɗaya, ka bar shi da mariƙin su bushe na kwana biyu, ka kankare tsohon gam ɗin, ka mayar da shi da gam mai haɗi biyu, irin wanda ake cakuɗawa kafin a shafa. Na ceto buroshi da dama ta haka.

Wajen jiƙawa, ruwan ya tsaya a rabi ko kashi biyu cikin uku na tsawon gashin, kada ya taɓa mariƙi. Gashin zai ja ruwan sama da kansa gwargwadon bukata. Tsawon jiƙon kuma ya danganta da irin buroshin. Mafi yawan waɗanda ake samu a kasuwanninmu yanzu na roba ne, wato zaren nailan da makamantansa. Wannan ba ya shan ruwa ko kaɗan, tsakanin silin yake riƙe shi, don haka jiƙa shi ɓata lokaci ne, ka tsoma ka cire kawai. Zafi mai tsanani ma yana iya lanƙwasa zarensa ya ƙi miƙewa. Akwai na gashin wata dabbar daji ta ƙasashen sanyi, 'yar'uwar dage, wadda Turawa ke kira baja, kuma yawancin gashin daga Sin ake kawo shi yanzu. Shi ne mai tsada, mai taushi, yana riƙe ruwa da ɗumi fiye da sauran, minti ɗaya ko biyu ya ishe shi. Akwai na gashin doki, shi ma jiƙo kaɗan yake so. Sai kuma mai tauri, fari ko ruwan ƙasa-ƙasa, wanda sau da yawa gashin alade ne. Shi ne ke shan ruwa sosai, yana bukatar minti biyar ko fiye kafin ya yi laushi, in ba haka ba ya karye. Na ambace shi ne don mutane da yawa suna saye ba su san ko na mene ne ba. Hukuncinsa na malamai ne, amma ni ba na ajiye shi a shagona, domin na san abokan cinikina ba za su so a shafa musu shi a fuska ba. Idan ka ga hoton alade ko na gursunu a kwalin, ka san abin da ka riƙe. Ga mai aski kullum da sassafe irinka, na roba nake ba da shawara: ba ya son jiƙo, yana bushewa da wuri, kuma na yanzu sun yi taushi ƙwarai ba kamar na da ba.

Kumfar da ke mutuwa maka, ita ma zafin ne, hunturu kuma ya taya shi. Kumfa iska ce da aka kulle a cikin siraran bangaye na ruwa da sabulu. Idan ta yi zafi da yawa, iskar cikin tana faɗaɗa, ƙananan ƙwayoyin su haɗe su zama manya, ruwan bangon ya tsinke ya zurare, sauran kuma ya tashi ya bi iska. A watan Disamba da Janairu iskar Gombe kusan ba ta da laima, kai ma ka ga yadda leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe kafin a gama shanya. Ka ɗora kumfa mai zafi a fuska cikin wannan iskar, ai kamar ka zuba ruwa a kan kasko ne. Abin da ya rage a kuncinka busasshen sabulu ne, ba ya sa reza santsi, toshe ta ma yake yi.

Kumfa mai kyau ba ta da manyan ƙwayoyi. Tana da sheƙi da nauyi kamar kindirmon da aka dama. In ka murza ta tsakanin yatsu biyu za ka ji santsi ya rage ko bayan farin ya ɓace. Don ka same ta, ka girgije buroshin ya rage danshi kawai, ka murza shi a kan sabulun kamar rabin minti har bakin gashin ya ɗauki sabulu sosai, sannan ka riƙa ƙara ruwan ɗumi ɗigo-ɗigo kana kaɗawa. A hunturu ka ƙara ruwa fiye da yadda ka saba. Kuma kada ka shafe fuskar duka lokaci ɗaya. Ka shafa kunci ɗaya ka aske, ka shafa ɗayan, sannan haɓa da wuya. In wuri ya fara bushewa, ka taɓa bakin buroshin a ruwa ka sake bi ta kai.

Dabarar riƙe ɗumi kuwa tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 19, lokacin da gidaje ba su da famfon ruwan zafi, Turawan Ingila suna da wani kofin tangaran na aski mai baki kamar buta, a zuba ruwan zafi a ƙasa, sabulu yana sama. Na zamani kwano ne mai bango biyu, ruwa a tsakani, kumfa a ciki. Ba sai ka nemi wannan ba, kayan kicin sun isa. Ka samu kwano biyu, babba da ƙarami. Ka zuba ruwan ɗumi a babban, ka zaunar da ƙaramin a ciki, ka kaɗa kumfarka a ƙaramin. Ruwan na waje zai iya ɗara na fuska zafi kaɗan, tun da ba ya taɓa kumfar kai tsaye, amma kada ya kai wanda hannu ba zai iya shiga ba. Irin kwanon yana da tasiri. Na silba yana ɗaukar zafi nan take, ya miƙa wa kumfar da yawa, ya kuma huce nan take, shi ya sa kumfa ta fi saurin mutuwa a cikinsa. Kofin tangaran mai kauri, irin na shan shayi, a hankali yake ɗauka, a hankali yake saki, kuma shi na fi so. Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, ita nake bi a gida. Ina cika kofin tangaran da ruwan zafi in ajiye shi yayin da nake jiƙa fuska, in zubar da ruwan, in kaɗa kumfar a fuskata kai tsaye, in riƙa ajiye buroshin a cikin kofin da ya ɗumama tsakanin shafawa da shafawa. Ɗumin yana kai ni ƙarshen aski, buroshin kuma bai zauna cikin ruwa ba.

Idan wata rana ka koma kumfar gwangwani, wadda ake fesawa, kada ka kuskura ka jefa gwangwanin a ruwan zafi ko ka ajiye shi kusa da wuta don ya yi ɗumi. Akwai gas mai kama wuta a matse a ciki, kuma a jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50. Ka fesa a tafin hannu ka shafa a fuskar da ta riga ta ɗumama.

Wani abin da ya kamata ka bincika shi ne ruwan unguwarku. Ruwan famfo da ke zuwa daga Dadin Kowa daban yake da na wasu rijiyoyi da burtsatse. Inda ƙasa ke da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Ashaka ana yin siminti, ruwan ƙasa yakan kwaso sinadarin kalsiyam da maganiziyam. Su kan kama sabulu su mayar da shi dusa-dusa, ya ƙi kumfa. Alamarsa ita ce farin ɓawo a cikin butar dafa ruwa, da sabulun wanki da ke ƙarewa da wuri. A nan tafasa ruwa yana da amfani na gaske, domin yana sa wani kaso na sinadarin ya kwanta a gindin tukunya. Ka tafasa, ka bar shi ya huce, ka tsiyaye na sama. In abin ya ƙi, leda ɗaya ta fiya wata ta isa kaɗa kumfa da jiƙa buroshi.

Akwai kuskuren da nake so in tsaya a kansa, domin ya shafi lafiya, kuma shi ne ya sa ni kaina na dafa buroshina a da. Mutane suna ɗauka ruwan zafi yana kashe cuta a jikin kayan aski. Ruwan da fuska ke iya jurewa ba ya kashe ƙwayar cutar da ake tsoro. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana bakwai ko fiye, kuma tsoma reza a kofin ruwan filas ba ya kawar da ita. Maganin wannan shi ne kowa da rezarsa, a shago kuma a ɓare sabuwa a gaban mai aski. Buroshinka na gida kada ka ba kowa aro, ko ɗan ɗakinku ne. Tarihi ma ya nuna buroshi yana ɗaukar cuta: a lokacin yaƙin duniya na farko, da gashin baja ya yi wuya, an yi ta sayar da buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba, sojojin Ingila da na Amurka da dama suka kamu da antiraks, wata cuta da ake ɗauka daga dabbobi, a fuska da wuya. Yanzu masana'antu suna tsabtace gashin kafin su ɗaura, amma wannan ya isa ya hana ka sayen tsohon buroshi a gwanjo. Tsaftar naka kuwa sabulu ce da ruwan ɗumi da bushewa. Bayan kowane aski ka ɗauraye shi har ruwan ya fita garau, ka matse a hankali ba tare da murɗawa ba, ka girgije, ka goga a tawul, ka ajiye inda iska ke ratsawa. Kada ka kulle shi a jaka yana jiƙe, musamman da damina, zai yi funfuna ya yi wari. Kada kuma ka shanya shi a rana ko kusa da murhu.

Tun da kullum kake aski, ga abin da zafi ke yi wa fatar kanta. Ruwa mai zafi sosai yana kwashe maiƙon da ke kare fata, ya bar ta ja, ta ɗan kumbura, reza kuma ta fi saurin kankare irin wannan fatar. Mu da gashinmu yake a nannaɗe mun fi kowa fama da ƙurajen aski, domin gashin da aka yanke ƙasa sosai yakan lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya yi ƙurji. Gashin da ya jiƙa da kyau yana yankuwa salin-alin ba tare da an danna reza ba, wannan yana rage matsalar. Ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka ja fatar ta miƙe sosai, kada ka maimaita wuri ɗaya babu kumfa. Rezar ka riƙa ɗauraye ta a ruwan ɗumin nan, ya isa ya narkar da sabulun da ya maƙale. In ka gama, ka wanke fuska da ruwan sanyi, ka goga alam in akwai inda ya ɗan yanke, sannan ka shafa man kaɗanya kaɗan tun fatar tana da danshi.

Duk wannan hidimar ta watanni uku ce. Idan Maris ya shigo, zafin Gombe ya kai digiri 40, ruwan da ya wuni a tanki ma sai ka sirka shi. A lokacin nan abokan cinikina da yawa ruwan randa suke roƙo in yi musu aski da shi, kuma askin yana fita daidai, sai dai nakan ƙara minti ɗaya wajen jiƙa gashin kafin in ɗora reza.